Daga Bakin Yaro Zuwa Kunnen Alƙali: Matsayin Harshe da Tafinta a Shari'ar Cin Zarafin Yara a Kwatano

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A kotu ma haka abin yake, domin babu wanda ya san abin da ya faru a cikin ɗaki kamar wanda abin ya faru a kansa. To amma idan mai maganar yarinya ce 'yar shekara takwas, wadda da Hausa ta tashi, shi kuwa alƙali da Faransanci yake shari'a, dole maganarta ta bi ta bakin wasu kafin ta isa inda ake bukatarta. A kowane baki kuwa akwai abin da kan ragu, akwai kuma abin da kan ƙaru.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa ɗalibin harshe cewa gyaran yadda kotuna ke tafiyar da shari'ar cin zarafin yara da sakaci da su yana farawa ne daga yadda ake sauraron yaro: da wane harshe, da wace irin tambaya, ta bakin wa, kuma sau nawa. An ɗauki birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin a matsayin fagen nazari, musamman al'ummar Zongo, saboda a nan ne matsalar ta fi fitowa fili. Za a riƙa leƙa Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe inda hakan zai ƙara haske. Jimlolin da aka sanya wa lamba kuwa, an ƙirƙire su ne domin darasi, ba a ɗauko su daga wata shari'a ba.

2.0 Zongon Kwatano da Harsunansa

Kalmar "Zongo" daga "zango" ta samo asali, wato wurin da ayarin fatake kan yada kaya su huta. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da cinikin dabbobi da tufafi, su suka haifar da irin waɗannan unguwanni a Gana da Togo da Benin. Zongon Kwatano, da babban masallacinsa, matattara ce ta Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa, kuma Hausa na cikin harsunan da suke haɗuwa a kansu wajen ciniki da hira. Da an fita daga unguwar kuwa, sai kunne ya cika da harshen Fon da Gun da Mina da Yarabanci.

Duk da wannan tarin harsuna, tsarin mulkin ƙasar na 1990 Faransanci kaɗai ya amince da shi a matsayin harshen hukuma. Da shi ɗan sanda ke rubuta bayani, da shi likita ke cika takarda, da shi alƙali ke yanke hukunci. Ko daga Zongo yaro ya fito, ko daga Avotrou da ke can gabashin birnin ta wajen Akpakpa, abu ɗaya zai tarar: harshen gidansu ba shi ne harshen kotu ba. Yaran da aka fi zalunta kuma, galibi su ne waɗanda ba su zauna a aji sun koyi Faransancin ba.

3.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga batun kotu, ya kamata a bambance wasu kalmomi da ake yawan cakuɗa su.

3.1 Horo da cin zarafi

A wajen Bahaushe "horo" ɓangare ne na tarbiyya, shi ya sa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. "Cin zarafi" kuwa shi ne ƙetare iyaka, kamar duka mai barin rauni, ko ƙuna, ko ɗauri, ko hana abinci, ko lalata da yaro. A ina iyakar take? A nan ne al'ada da doka kan saɓa. Dokar Yara ta Benin ta 2015 ta haramta hukunta yaro da duka, a gida ne ko a makaranta. Ke nan idan mariƙi ya ce wa alƙali "horonsa na yi", yana ganin ya kare kansa ne, alhali a idon doka ya amsa cewa ya yi dukan. Tafinta ba shi da ikon ya tausasa wannan kalma, ba shi kuma da ikon ya tsananta ta.

3.2 Riƙo

Riƙo tsohuwar al'ada ce ta zumunci. Akan ba wa goggo ko kawu ko kaka yaro ya tashi a hannunsu, a ce masa ɗan riƙo. A kudancin Benin akwai makamanciyar wannan al'ada, inda ake kiran irin wannan yaro "vidomegon" da harshen Fon, wato yaron da aka ajiye a wajen wani. Da kuɗi ya shiga cikin al'adar, sai ta rikiɗe a hannun wasu ta zama hanyar samun 'yan aiki da 'yan talla a arha, akasarinsu 'yan mata ƙanana, kamar yadda aka daɗe ana gani a kasuwar Dantokpa. Saboda haka idan aka ce "'yar riƙona ce", aikin kotu ne ta bincika ta gano ko riƙon zumunci ne, ko bauta ce aka lulluɓe da sunan riƙo.

3.3 Sakaci da talauci

Sakaci shi ne mutum ya ƙi yi wa yaro abin da yake da halin yi, kamar ciyarwa da magani da makaranta da tsaro. Talauci kuwa rashin halin ne. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun nuna cewa talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba. A Hausa, tazarar da ke tsakanin "ban kai shi asibiti ba" da "ban samu kai shi asibiti ba" kalma ɗaya ce tak. Idan tafinta ya yar da "samu", ya mai da gazawa ta koma laifi.

4.0 Dokoki da Hanyar da Ƙara ke Bi

Ta fuskar doka, ba a bar yaro haka nan ba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 12, ta ba yaro haƙƙin a saurare shi a duk shari'ar da ta shafe shi, sashe na 19 kuma ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kare shi daga duka da sakaci da lalata. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990, wadda ta fara aiki a 1999, ta jaddada haka a sashe na 4 da na 16. Benin da Nijeriya da Nijar duk sun amince da yarjejeniyoyin biyu.

A Benin, wasu abubuwa biyu sun girgiza jama'a. A watan Afrilu na 2001 jirgin ruwan nan mai suna Etireno ya komo tashar Kwatano bayan an hana shi sauke fasinja a Gabon, aka sami yara da matasa 43 a cikinsa. A 2003 kuma aka maido da yaran Benin sama da ɗari daga wuraren fasa dutse na yankin Abekuta a Nijeriya. Bayan haka ne ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane a 2005, Benin ta yi dokar hana safarar yara a 2006, sannan ta tattara haƙƙoƙin yara a Dokar Yara mai lamba 2015-08 ta 8 ga Disamba, 2015. A 2021 wata doka ta miƙa wasu manyan laifuffuka, irin su yi wa ƙananan yara fyaɗe da aurar da yara, ga kotun musamman da ake kira CRIET, aka kuma ba Cibiyar Mata ta Ƙasa damar shiga ƙara a madadin wadda aka zalunta. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi kotun iyali, jihohi kuma suka riƙa yin nasu dokokin, har Kano ta yi tata a 2023. Nijar ta sabunta dokar kotunan yara a 2014.

Yanzu bari mu bi ƙarar da ƙafa. Yarinya ta gaya wa maƙwabciya abin da ake yi mata. Maƙwabciya ta kai ta ofishin 'yan sanda, ko ofishin kare yara na 'yan sanda da aka fi sani da OCPM, ta maimaita. Daga nan sai wajen likita, sai jami'in walwalar jama'a, sai mai gabatar da ƙara, sai alƙali mai bincike ko alƙalin yara, sai zaman kotu. Ke nan tana iya ba da labari ɗaya sau shida ko bakwai, cikin watanni, a gaban baƙin fuska, kuma mai yiwuwa kowane zango da tafintansa. Abin da ake rubutawa a takarda kuma ba kalmominta ba ne, taƙaitawa ce da Faransanci wadda ita ba za ta iya karantawa ba. Ran da aka zo kotu, da wannan takarda za a gwada maganarta. In aka ga saɓani, sai lauyan wanda ake tuhuma ya ce yarinya ta canza magana, alhali wataƙila fassara ce ta canza.

Wani abin lura shi ne, inda dokoki suka ambaci tafinta ƙarara, wanda ake tuhuma suka fi nufi. Misali, sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta. Wannan daidai ne. Sai dai yaron da aka zalunta shi ma yana da irin wannan bukata, kamar yadda ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 kan yara masu ba da shaida suka nuna, inda suka nemi a yi magana da yaro da harshen da yake amfani da shi kuma yake fahimta.

5.0 Wuraren da Magana ke Karyewa

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar ɗalibin harshe. Za a kawo wurare shida.

5.1 Sunayen dangantaka

(1) Baba ne ya dake ni.

A Hausa "baba" na iya zama mahaifi, ko wansa, ko ƙanensa, ko mijin uwa, ko mai gidan da ake riƙon yaro, ko ma wani dattijo a unguwa. Haka "yaya" da "kawu" da "inna" da "anti". Faransanci da Ingilishi kuwa sun raba kalmar mahaifi da ta ɗan'uwan mahaifi. Idan tafinta ya zaɓi ɗaya da ka, to ya nuna mutum da yatsa, aikin da ba nasa ba. Abin da ya kamata shi ne ya faɗi kalmar yadda yaro ya faɗe ta, ya sanar da alƙali cewa tana ɗaukar mutum fiye da ɗaya, a tambayi yaron wane baba yake nufi da kuma inda yake kwana. Haka nan "su Baba" na iya nufin Baba da waɗanda ke tare da shi, yana kuma iya zama girmamawa ga mutum ɗaya.

5.2 Ɓoye aikau

(2) An kulle ni a ɗaki, aka hana ni abinci.

Wakilin suna "an" da "aka" kan ɓoye wanda ya yi aiki. Yaro kan fake da shi saboda tsoro, ko saboda tarbiyyar da ta hana shi kama sunan babba a wajen laifi. Kuskure ne tafinta ya cike gurbin da sunan wanda ake tuhuma don kawai shi ne ke tsaye a gaban kotu.

5.3 Lokutan aikatau

(3) a. Ta dake ni.
b. Tana dukana.
c. Takan dake ni.
d. Ta daddake ni.

Jimla ta (a) shuɗaɗɗen lokaci ce, tana iya nufin sau ɗaya. Ta (b) na nuna abin yana ci gaba. Ta (c) sabau ce, wato abin ya zama jiki. Ta (d) kuwa, ninkin da ke cikin aikatau yana nuna yawan dukan ko tsananinsa. A wajen alƙali, bambancin duka ɗaya da dukan kullum babba ne, domin a kansa nauyin hukunci kan rataya, a kansa kuma ake yanke shawarar ko yaro zai koma gidan. Tafintan da ya mai da jimlolin huɗu jimla ɗaya ya zubar da rabin shaida.

5.4 Tambaya korarriya

(4) Bai shiga ɗakin ba?

Bahaushe na iya amsawa da "e", yana nufin "e, bai shiga ba". Wani kuma ya ce "a'a", yana nufin "a'a, bai shiga ba", ko kuma "a'a, ya shiga". Faransanci yana da kalma ta musamman ta ƙaryata korarriyar tambaya, Hausa ba ta da ita. Ke nan "e" ko "a'a" tsurarta ba amsa ba ce a nan. Maganin abin shi ne a guji irin wannan tambaya ga yaro, in kuwa an yi ta, a nemi ya amsa da cikakkiyar jimla.

5.5 Kunya da sakaya zance

(5) a. Ya taɓa ni.
b. Ya yi wasa da ni.
c. Ya ɓata ni.

Yaron Bahaushe ba ya kiran al'aura da sunanta a gaban manya, ba ya kuma faɗin lalata kai tsaye. Sai ya sakaya. "Taɓa" na iya zama kai hannu kawai, tana kuma iya zama abin da ya fi haka nesa. Doka kuwa ta bambanta waɗannan ayyuka, kowanne da hukuncinsa. Idan tafinta ya fassara (5a) da lafazinta ya yi shiru, ana iya raina laifin. Idan kuma ya fassara ta da "fyaɗe", ya faɗi abin da yarinya ba ta faɗa ba. Hanya madaidaiciya ita ce ya ba da lafazin, ya ƙara da cewa a Hausa kalmar kan zama sakayawa, sannan mai tambaya ya ce wa yarinya, "Ki ƙara yi mini bayanin wannan taɓawar." Haka nan sunkuyar da kai da ƙin haɗa ido da yin shiru ladabi ne a gidan Bahaushe. Wanda bai san al'adar ba yana iya ɗaukar su alamar rashin gaskiya.

5.6 Karin harshe, ƙirga da lokaci

Hausar ƙasashen da Faransa ta rena tana da kalmomin aro da Bakano bai saba da su ba. Makarantar boko "lakwal" ce, malaminta kuma "mushe", kalmar da Bakano zai gani a rubuce ya ɗauka dabbar da ta mutu ba yanka ake nufi, alhali karin sauti da tsawon wasali sun raba su. A lissafin kuɗin sefa "dala" tamkar faran 5 ce, don haka "dala ashirin" faran 100 ke nan, "jaka" kuma faran 1,000, alhali a tsohon lissafin Nijeriya jaka naira 200 ce. A shari'ar da ake son sanin nawa aka biya aka ɗauko yarinya daga ƙauye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Game da lokaci kuma, yaro bai san kwanan wata ba. Zai ce "rannan", ko "da azumi", ko "bayan Sallar Layya", ko "lokacin da ruwa ya shiga gidanmu". Matsa masa ya faɗi rana da wata kan sa ya yi cane, canen kuma ya zama makamin rusa shaidarsa. Aikin manya ne su mai da "bayan Sallar Layya" zuwa kalanda.

6.0 Hanyoyin Gyara

6.1 A saurari yaro da wuri, kuma sau ɗaya

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wajenmu. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Risala, sun yarda da shaidar yara a tsakaninsu kan raunuka, da sharaɗin a karɓe ta kafin su watse ko wani babba ya shiga tsakaninsu. Hikimar a fili take: maganar yaro tana da daraja, amma tana saurin gurɓata idan manya suka sa baki. Abin da binciken zamani ya tabbatar ke nan. A garin Huntsville na Amurka aka buɗe cibiyar farko a 1985 inda ɗan sanda da likita da jami'in walwala da mai gabatar da ƙara ke haɗuwa wuri ɗaya domin yaro. Ƙasar Aisland ta buɗe irin wannan gida mai suna Barnahus, wato gidan yara, a 1998, inda ƙwararre ɗaya ke tattaunawa da yaro, sauran suna kallo daga wani ɗaki. A shekarar ce kuma Faransa ta yi dokar ɗaukar bayanin yaran da aka yi lalata da su a faifan bidiyo. Ga birni irin Kwatano, ɗaukar murya yana da wani amfani na daban: Hausar yaron tana nan a ajiye, in aka yi gardama kan fassara sai a sake saurare. Wannan kuwa bai fi ƙarfin ɗaki ɗaya mai natsuwa da na'urar ɗaukar magana ba.

6.2 A gyara tambaya

(6) a. Kawu ne ya ƙona ki da dutsen guga, ko ba haka ba?
b. Gaya mini yadda aka yi kika sami wannan ciwo.

Tambaya ta (a) ta ɗauko amsa ta sa wa yarinya a baki, yaron da aka tarbiyyantar da cewa ba a musu da babba kuwa "e" zai ce. Ta (b) ta buɗe mata fili. Illar tambaya irin ta (a) ta taɓa kowane ɓangare. A shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Amurka, wadda ta ƙare a 1990 ba tare da an sami kowa da laifi ba, an soki yadda aka riƙa jan yara da tambaya. A shari'ar Outreau a Faransa, mutum 13 aka wanke a 2004 da 2005, bayan da yawansu sun daɗe a tsare. Ke nan tambaya mai kyau tana kare yaro, tana kuma kare wanda bai ji ba bai gani ba. Yana da kyau tun farko a shaida wa yaro cewa yana da damar ya ce "ban sani ba" ko "ban gane ba", kuma in babba ya yi kuskure ya gyara masa.

6.3 A horar da tafinta

Jin harshe biyu bai isa ya mai da mutum tafintan kotu ba. Ana bukatar wanda ya san karin harshen yaron, ya san kalmomin shari'a, ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma ba shi da alaƙa da kowane ɓangare. A unguwa irin Zongo, inda kowa ya san kowa, ɗauko ɗan'uwa ko maƙwabci ya yi tafinta haɗari ne, domin yarinya ba za ta saki baki a gabansa ba, shi kuma yana iya rufa wa dangi asiri. Inda hali ya yi, mace ta yi wa yarinya tafinta. Afirka ta Kudu, wadda ita ma ƙasa ce mai harsuna da yawa, ta shigo da tsarin "mai shiga tsakani" tun farkon shekarun 1990: yaro na zaune a wani ɗaki, lauya ya yi tambaya, mai shiga tsakani ya isar da ita da lafazin da ya dace da shekarun yaron. Sassan koyar da harsunan Afirka suna da rawar takawa a nan, ta hanyar tsara ƙamus na kalmomin shari'ar yara tsakanin Hausa da Faransanci da Ingilishi, da shirya kwas na tafinta.

6.4 A nemi abin da zai ƙarfafa shaida

Bai kamata a ɗora dukkan nauyin shari'a a wuyan yaro ba. A Nijeriya, sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a kama mutum da laifi da irin wannan shaida ita kaɗai sai an sami wata hujja mai ƙarfafa ta. Saboda haka gwajin likita a kan lokaci, da hoton rauni, da bayanin maƙwabta da malamai, duk suna da muhimmanci. Haka ma takardar haihuwa, domin shekarun yaro kan sauya sunan laifi da kotun da za ta saurare shi.

6.5 A san iyakar sulhu

Sulhu alheri ne, kuma limamai da shugabannin unguwa sun kashe wutar rigingimu da dama da shi. A batun sakaci da ya samo asali daga rashi ko saɓanin ma'aurata, shigo da dangi da dattawa kan fi ɗauke yaro a kai shi gidan marayu amfani. Amma fyaɗe da azabtarwa laifuffuka ne da doka ba ta bar wa dangi su yafe ba. Kalmomin "a rufa asiri" da "a bar wa Allah" da "abin cikin gida ne" sun sha kashe ƙara tun kafin ta isa kotu, mai laifi kuma ya koma kan wani yaron. Jinkiri ma yana taimaka wa wannan, domin duk ɗage zama dama ce ta matsa wa uwa ta janye. Don haka ya dace a ba shari'ar yara fifiko a jadawalin kotu, a yi ta a asirce, a sakaya sunan yaro, a kuma tabbatar ba ya kwana gida ɗaya da wanda yake ƙara.

Misalin Hadijatou Mani ta Nijar ya isa darasi. An sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta yi shekaru cikin bauta. A 2008 Kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ba da umarnin a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Cikin abin da kotun ta kama har da cewa alƙalan cikin gida sun ji batun bauta a gabansu amma ba su ɗauki mataki a kansa ba. Wato kotu na iya jin magana da kunne, ta kasa saurarenta.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa dokokin kare yara sun samu a Benin da maƙwabtanta, sai dai amfaninsu ya rataya ne a kan 'yan jimlolin da yaro zai furta da yadda za a isar da su. An ga yadda "baba" da "an" da "takan" da "e" da "taɓa" da "dala" kowacce ke iya karkatar da hukunci. An kuma kawo matakai biyar na gyara, waɗanda yawancinsu horo da tsari suke bukata fiye da kuɗi. Ɗalibin da ke nazarin wakilin suna da lokutan aikatau a yau, mai yiwuwa gobe shi za a kira ya tsaya tsakanin yarinyar Zongo da alƙali. A ranar, amanar da ke wuyansa ita ce ya faɗi abin da ta faɗa, ba ragi ba ƙari, inda kalma ta ɗauki ma'ana biyu kuma ya ce ta ɗauki biyu.

Jinga

1. Fassara jimlolin da ke (3a–d) zuwa Faransanci ko Ingilishi, ka bayyana abin da ya salwanta a kowace fassara.
2. Kawo kalmomi biyar na sakaya zance da yara ke amfani da su a karin harshenku, tare da ma'anonin da kowacce ke iya ɗauka.
3. Mai da waɗannan tambayoyi su zama buɗaɗɗu: (a) Da dare ne ya shigo, ko? (b) Ba ta ba ki abinci ba? (c) Kin ji tsoro sosai, ko ba haka ba?
4. Uwa ta ce wa alƙali, "Ban samu sa shi makaranta ba." Tattauna aikin da "samu" ke yi a jimlar, da abin da zai biyo baya idan tafinta ya tsallake ta.